Toktosun Mai Ciyawa

A ƙauyenmu na Kara-Bulak ana sanin mutum da dokinsa, ko da yawan tumakinsa, ko da kaifin bakin matarsa. Toktosun kuwa da ciyawa aka san shi. Da ma a ce ciyawar kirki ce, wadda dabba za ta ci ta yi kitse, da da sauƙi. Wata 'yar guntuwa ce mai kaushi, tsawonta taƙi ɗaya, tana fitowa a tsagin duwatsu can saman mashekarinmu, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Doki in ya shinshina ta sai ya yi atishawa ya kau da kai. Amma ciyawar nan tana cikin littattafan masana, kuma sunan Toktosun take amsawa. Shi ya sa shekara arba'in da 'yan kai kunnuwanmu ba su huta ba.

Abin ya samo asali ne tun zamanin gonar gwamnati, lokacin yana matashi yana kiwon dawakin gonar. Wata bazara aka turo mana wata farfesa daga Leningrad, Lidiya Pavlovna, doguwar mace mai takalmin soja, da madubin ƙara girma rataye a wuya kamar laya. Ciyawa take nema. Shugaban gona ya rasa yadda zai yi da macen da ta taso tun daga can don ciyawa, sai ya haɗa ta da Toktosun ya riƙa ja mata doki. A bukkarsa ta sauka, matarsa Burul ta ciyar da ita bazara uku a jere.

In ka ji labarin daga bakin Toktosun, wani duƙushi ne ya ɓace, ya bi sawunsa har ƙololuwar dutse, ya tarar da kyarkeci ya tare shi. Ya kori kyarkecin da bulala, yana sunkuyawa zai ɗauki duƙushin sai idonsa ya faɗa kan ciyawar, nan take ya gane ba irin ta kowa ba ce. Da farko kyarkecin ɗaya ne. Kafin gwamnatin Soviet ta rushe sun zama uku.

Matan ƙauye kuwa sun san yadda aka yi. Burul ce take tsinko ciyawar tana murɗe ta ta yi soso, don ba abin da ya kai ta fitar da maiƙo daga bokitin katakon da ake tatsar goɗiya. Wata safiya tana cikin wanke bokiti, farfesa ta hango soson, ta ƙwalla ƙara ta fizge shi daga hannunta. Burul ta zaci ana zagin tsabtarta ne, saura kaɗan ta kifa mata bokitin a ka. Da aka fahimci juna, ta kwatanta wa mijinta wurin, shi kuma ya kai baƙuwar. Har ya ɓata hanya sau ɗaya.

Farfesa ta yi kwana biyu a kife a kan ciyawar nan da madubinta, tana ƙirga 'yan gashin da ke jikin zangarniya. Daga baya ta yi musu bayani a bakin murhu. Ta ce ciyayi ma kamar mu suke, akwai ƙabila, a cikin ƙabila akwai dangi, a cikin dangi akwai gidaje. Ta ce ta duba duk dangin da aka sani, wannan ba ta shiga ko ɗaya, don haka dole a buɗe mata nata dangin, ko da ita kaɗai ce a ciki. Bayan shekara biyu wasiƙa ta iso da mujalla a ciki, an ja layi da jan fensir ƙarƙashin kalmomi biyu: Toktosunia burulae. Ta farko sunan dangi ce, ta biyu sunan ita ciyawar kanta. Farfesa ba ta manta da mai ba ta shayi ba.

Toktosun dai ta farkon kaɗai ya gani.

"Wannan shi ne suna," in ji shi, yana buga yatsa a kai. "Na biyun nan wutsiya ce kawai."

"Wutsiyar ce dai ta wanke bokitin," in ji Burul, ta ci gaba da murza ƙullunta.

Daga ranar ya zama wani mutum daban. Ya ɗora sanduna a bayan doki ya kai saman dutse, ya kewaye ciyawar da shinge, don hana dabbobin da ba su taɓa nufin cin ta ba. Ya samu marfin akwatin shayi ya rubuta Toktosunia da farin fenti, ya ce wuri bai isa wutsiyar ba, alhali da saura rabin allo. Da gonar gwamnati ta watse aka zo rabon filaye, kowa na kokawar samun fadama, shi ya miƙe a taro ya ce a ba shi gangaren duwatsun nan. Aka ba shi da gudu kafin ya canza shawara. Burul ta yi sati guda tana ba shi shayi ba madara.

Baƙo kuwa duk wanda ya kwana a gidansa ya shiga uku. Sai ya hau doki awa uku ya je ya gaida ciyawa. Akwai wani babban ma'aikaci da ya zo daga lardi, mai tumbi, aka haura da shi har ya kusa suma. Ya sauka yana haki, ya duba gabas ya duba yamma.

"To, ina take?"

"Ɗaga ƙafarka, mai girma! A kanta kake tsaye!"

Mutum ɗaya ne bai taɓa raga masa ba, Moldokul, sa'ansa kuma maƙwabcinsa, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Kun san a wajenmu namijin da bai iya jero kakanninsa bakwai ba, ba a ba shi wurin zama na kirki, kuma Toktosun ya fi kowa tsanani a kan wannan. Ya taɓa korar wani mai neman 'yarsa don ya tsaya a na biyar yana sosa ƙeya. To nan Moldokul yake kama shi.

"Kai tsoho mara kunya, ka kori ɗan mutane don ya manta kaka biyu. Ciyawar taka fa? Wa ye ubanta? Dangi guda, mutum ɗaya tak a ciki! A garinmu wannan sunansa tsintacce."

"Daga kanta aka fara, jahili. Ita ce kakan."

"Kakan da ba jika?"

Haka suke yi a kowane biki da kowace sadaka, har an san lokacin da za su fara, da an ɗauke nama.

Allah ya yi masa wata kyauta da tsufansa. Autansa Esenbek, mai koyarwa a Bishkek, ya kawo yarinyar da zai aura, Saltanat, aka tambayi aikinta aka ce ilimin tsirrai take yi, kuma a ɓangaren ciyayi. Toktosun bai ma tambayi kakanninta ba. Ya yanka goɗiya mafi ƙiba, ya ce ya ga surukar da ya daɗe yana roƙo. Yarinyar kuma ta zo da tarbiyya irin ta da. Suruka, wato kelin, a wajenmu ba ta kama sunan iyayen miji, sai dai ta ce Ata da Apa, wato Baba da Mama, ko a gabansu ko a bayan idonsu, Saltanat kuwa ta riƙe wannan har cikin jami'a. In karatu ya kawo ta kan ciyawar, sai ta rubuta sunan a allo ta nuna da sanda ta ce "ciyawar Ata". Ɗalibai suka riƙa amsawa da haka a jarrabawa. Da labarin ya iso Kara-Bulak, Toktosun ya zaga gida-gida da shi.

Ita kaɗai ya taɓa buɗe wa shingen. Ya tsaya yana kallo tana tumɓuke tushe uku tana matse su a tsakanin takardu, abin da da wani ne ya yi da sai an raba su.

"Ɗebi, kelin, ɗebi. Ki kai birni ki ƙara mana ɗaukaka."

Burul ba ta ga ƙarshen wannan aiki ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke ta a wani lokacin sanyi, cikin kwana tara. Toktosun bai yi kuka a gaban mutane ba, amma ya rame, kuma ya daina faɗa da kowa in ban da Moldokul. Shekara hamsin da ɗaya suna tare, kuma kamar sauran tsofaffinmu, bai taɓa kiran ta da sunanta ba. "Ke" ne, ko "tsohuwa", tun tana da shekara ashirin. Bayan rasuwarta sai ka ji ya ce "Ke, ina..." ya tsaya a nan, ya tashi ya ɗauko abin da kansa. Na tausaya masa ƙwarai a lokacin, ni da ya sa na hau dutsen nan sau huɗu.

Bazara ta biyu bayan haka, Esenbek da Saltanat suka hauro mashekari. Kwana biyu tana zuba wa surukinta shayi tana miƙa masa da hannu biyu, ba ta ɗaga ido ba. A safiya ta uku, Moldokul ya shigo shan nonon goɗiya kamar kullum, ta durƙusa a gefen murhu ta ce tana da magana. Esenbek ya tuna cewa tayar motarsa tana bukatar dubawa, ya fice.

"Ata, aikin da na yi a kan ciyawarku ya kammala."

"Madalla! Moldokul, buɗe kunnenka."

"Farfesa ta duba kamanninta ne, da madubi. Abin da ake da shi ke nan a lokacin, kuma ta yi aiki mai kyau. Yanzu akwai wani gwaji, irin wanda ake yi wa ɗan da ake gardamar ubansa."

"A yi wa ciyawa?"

"E, Ata. Na yi sau uku. Na aika wani wuri ma an sake yi."

"To me ya nuna?"

Ta dubi tabarmar ulun da take durƙushe a kai. "Tana da dangi, Ata. Betege ce. Zaman tsagin dutse ne ya canza mata kama."

Betege, ga wanda bai taɓa kiwo ba, ita ce ciyawar da ta rufe kowane tudu a ƙasar nan, wadda kowace tunkiya take ci tana kashi a kai. Moldokul ya shaƙe da nono, sai da aka buga masa baya. Ya fito da hawaye a ido.

"An gano uban yarinya! A yanka rago!"

Toktosun bai dube shi ba. "Sunan fa?"

"In aka mayar da ita cikin danginta, dangin da aka buɗe mata ya tashi ke nan."

"Sunana ya tashi."



Sai ya fashe. Ya ce shi ya buɗe mata shinge da hannunsa. Ya ce goɗiyar da ya yanka ranar bikinta da ma kyarketai ya ba. Ya ce Farfesa Lidiya ta ci littattafai sun fi tsayin bukkar nan, yanzu 'yar da aka haifa jiya za ta zo da na'ura ta ƙaryata ta. Ya leƙa waje ya ƙwala wa ɗansa kira, ɗan ya ƙara shigewa ƙarƙashin mota. Saltanat ta bari ya gama.

"Ban aika da takardar ba, Ata. In kun ce kada a aika, zan kulle ta a akwati. Sai dai akwai wasu a wata ƙasa suna irin wannan gwaji, ba za su daɗe ba su ma za su gani. Ko kuma in jira."

"Ki jira me?"

Ya zuba mata ido, sai ya gane.

"In mutu kike nufi."

"Allah ya kiyaye, Ata!"

"Kada ki damu, 'yata," in ji Moldokul. "Irin wannan ba sa mutuwa da wuri. Ki aika kawai."

Toktosun ya ɗauki bulalarsa da hularsa, ya hau doki ya nufi sama. Wuni guda ya yi a can. Masu kiwo da suka hango shi sun ce zaune yake a cikin shinge, ya juya wa duniya baya. Abin da yake ci masa rai a fili yake. Bai tara dukiya ba, bai yi shugabancin komai ba, fadamar ma ya bar wa wasu. Abu ɗaya ya mallaka da ba wanda ke da shi a kwarin nan, kuma yana da ikon riƙe shi har ya shiga kabari, in dai zai iya sa yarinya ta ɓoye gaskiyar da ta sha wahala a kanta.

Da la'asar ya sauko, ya tarar da ita tana wanke bokitin tatsa da wani soson roba na birni. Ya tsaya a kan doki yana kallon ta, ya daɗe. Sannan ya sauka.

"Kelin. Wutsiyar fa? Ita ma ta tashi?"

Ta goge hannu. "A'a, Ata. Ƙa'idar ita ce, in aka mayar da tsiro wani dangi, sunan dangi yake ajiyewa. Nasa sunan da shi yake tafiya."

"To yanzu me za a riƙa ce mata?"

Nan ta maƙale, don sunan uwar miji ma ba ya kamuwa a bakinta. Ta shiga bukka ta yago takarda, ta rubuta, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya nesanta takardar da idonsa ya karanta a zuci: Festuca burulae. A ƙasa ta ƙara wani layi da ƙananan baƙaƙe.

"Wannan ɗan mitsitsin fa?"

"Naku ne, Ata. Ba a goge tsohon suna, ana ajiye shi a ƙasa don a san an taɓa kiran ta haka."

"A ƙarƙashin tsohuwa."

"E, Ata."

"Da tana nan da dariya ta kashe ta." Ya sake duban takardar. "In wasu masu na'ura suka zo gobe suka ce ba betege ba ce, wata ce kuma?"

"Sai su sake na farkon. Na Apa duk inda aka kai ta yana biye."

Ya ninke takardar ya sa a cikin hula. Shi da ya fi kowa iya jero kakanni bakwai, ya san babu mace ko ɗaya a cikin jerin. Sunan uwar kakansa ma bai sani ba, bai kuma taɓa jin kunyar rashin sanin ba. Jikokin Esenbek za su haddace Toktosun dole, ko ba ciyawa. Burul kuwa da 'ya'yanta sun wuce shi ke nan.

Washegari da safe ya tara su, har da Moldokul, ya gyara zama kamar mai wasiyya.

"Akwai abin da na ɓoye muku shekara arba'in. Ba ni na gano ciyawar nan ba."

"Haba dai!" in ji Moldokul.

"Babu duƙushi. Babu kyarkeci."

"Ko ɗaya? Cikin ukun?"

"Tsohuwa ce. Da ita take wanke bokiti."

Ya dubi fuskokinsu yana jiran a girgiza. Esenbek ya duƙar da kai yana cizon leɓe. Saltanat ta ce a hankali ai Apa ta faɗa mata tun satin bikinta. Moldokul ya ce duk kwarin nan mutum ɗaya ne bai san labarin bokiti ba, wato ma'aikacin nan mai tumbi. Toktosun ya ji haushin wannan fiye da na betege, ya ce ashe shekara arba'in munafukai yake ba wa shayi. Sannan ya juya ga surukarsa.

"Ki aika. Amma ki rubuta musu cewa ni na kai farfesa wurin."

"Zan rubuta, Ata."

"Ba sai kin ce na ɓata hanya ba."

Da kansa ya sauko da tsohon allon, ya kankare shi da wuƙa, ya aika ƙauye aka kawo fenti. Wannan karon wuri ya isa. Kwana biyu ya yi yana rubutu, harshe a waje, yana kwafa daga takardar baƙi bayan baƙi. Nasa sunan ya sa a ƙasa, amma gaskiya bai yi ƙanƙanta kamar yadda kelin ta rubuta ba.

Ranar da za a kafa shi dukansu huɗu suka hau. Aka buga allon, aka ja baya ana kallo. Toktosun ya ce tunda sabon suna ne, ya kamata wani ya karanta shi da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa jariri. Ya dubi Saltanat, ta rufe baki da gefen ɗankwali. Ya dubi Esenbek, ya ce shi dai bai taɓa kama sunan Apa ba, ba kuma zai fara yau ba. Moldokul ya ce baƙaƙen Turawan nan shi duk kamar sawun kaza yake ganin su.

"Kai da ka rubuta ai sai ka karanta, tsoho."

Toktosun ya zage shi. Ya cire hula, ya sake mayarwa. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Festuka," ya ce, da ƙarfi kamar mai kiran dawaki. Ya tsaya. Iska tana kaɗa 'yar ciyawar a gindin allon. Da ya sake buɗe baki muryar ta ragu, bai ma kai ƙarshen kalmar ba.

"Burul."

Ba wanda ya yi motsi. Moldokul, wanda ban taɓa jin an ce ya rasa ta cewa ba, ya juya yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi. Toktosun ya sake faɗa, a hankali, kamar yana gwada ko za a amsa.

Yana nan da ransa, ya haura tamanin, kuma har yanzu baƙo bai tsira ba. Sai dai yanzu yakan hau ko ba baƙo. In ka tambaye shi sunan ciyawar, ba ya wahalar da kansa da kalmar farko, ya ce wannan ta masu na'ura ce, gobe ma suna iya canza ta. Ta biyun yake faɗa, kuma masu kiwo a gangaren sun ce ko shi kaɗai ne a can sama suna jin yana faɗar ta.